Mutum Biyar a Ɗakin Tafi-da-gidanka: Yadda Hayaƙin Janareta Ya Samu Ƙofa a Clarksville

Ranar Lahadi, 18 ga Satumba, 2011, a filin tseren motoci na garin Clarksville da ke jihar Tennessee a Amurka, wasu mutane suka buɗe ƙofar wani ɗakin tafi-da-gidanka don su duba abokansu. Suka tarar da mutum biyar a ciki, maza uku da mata biyu, duk rai ya yi halinsa. Ba gobara aka yi ba, ba kuma wani ne ya shiga ya cutar da su ba. Su ma waɗanda suka shiga ɗakin ba su fito ƙalau ba. Jiri ne ya riƙa ɗibarsu har sai da aka kai su asibiti, aka samu irin gubar da ta kashe na cikin a jikinsu.

Taron na wata ƙungiyar masu manyan babura ne mai suna Bikers Who Care, wadda aikinta tara kuɗi da kayan wasa domin yara mabuƙata. Duk shekara sukan yi gangami, jama'a su taru su kwana a fili, wasu a tanti, wasu a irin waɗannan ɗakuna. Wanda mutum biyar ɗin suka kwana a ciki hayarsa aka ɗauko. Cikinsu har da miji da matarsa.

Mu mun saba jin "tafi-da-gidanka" a kan kotu ko wayar salula, amma a Amurka da Turai kalmar ta samu ainihin ma'anarta, domin gida ne sukutum a kan taya. Wani mota ce da injinta da sitiyarinta, bayan kujerar direba kuma ga gado, ga kicin, ga banɗaki. Wani kuma ba shi da inji, sai an ɗaura shi a bayan wata mota an ja. Ko wanne ne, za ka samu firji a ciki, da murhun gas, da abin ɗumama ruwa, da na'urar sanyaya ɗaki. In aka yada zango inda babu wutar da za a jona, janareta ne ke ɗaukar nauyin kayan wutar. Wani janaretan a jikin motar aka gina shi, ƙarƙashin daɓe, da 'yar salansarsa. Wani kuma na ɗauka ne, a sauke shi ƙasa a ja waya.

Ga abin da aka gano a Clarksville. Janaretan a waje yake, amma dab da jikin ɗakin. Jagoran taron ya shaida wa 'yan jarida cewa da alama marfin wata ƙaramar ma'ajiyar kaya da ke jikin ɗakin bai rufu sosai ba, ta nan hayaƙin ya kutsa. Ƙofa da tagogi a rufe suke. Akwai na'urar gargaɗi a ciki, irin wadda ke yin ƙara idan ta ji gubar hayaƙi, sai dai babu batir a cikinta. Da jami'ai suka auna iskar ɗakin, sun samu gubar ta kai kashi 438 cikin miliyan. A lura cewa wannan awon an yi shi ne bayan an riga an buɗe ƙofa an shiga an fita, don haka a ganina abin da mamatan suka shaƙa cikin dare ya zarce haka.

Da labarin ya bazu, maganar batir ce ta fi ɗaukar hankalin mutane, kuma da dalili. Zan zo kanta. Amma ni a wurina labarin daga inda aka ajiye janaretan ya faro, don duk abin da ya biyo baya a kan wannan ya hau.

Duk injin da ke ƙona fetur yana fitar da iskar kabon monoksaid, saboda ƙunar ba ta kammala. Iskar nan ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa tari ko hawaye. Warin da muke ji idan an tayar da janareta na ragowar man da bai ƙone ba ne da sauran tarkacen hayaƙi, ba na gubar ba. Wannan bambancin yana da muhimmanci, don mutum na iya cewa "ai ba na jin wari" ya kwanta, alhali ɗakin na cika. Hanci ma yana sabawa da wari cikin ɗan lokaci, kuma wari ba abin dogaro ba ne wajen tayar da mai barci.

Ƙaramin janareta ya fi mota illa nesa ba kusa ba, kuma mutane da yawa ba su yarda da wannan sai an yi musu lissafi. Tun daga 1975 motocin Amurka ke zuwa da wata na'ura a cikin salansa wadda ke ƙarasa ƙona gubar kafin ta fita, wadda kanikawanmu ke kira indomi. Janareta na gama-gari ba shi da ita. Hukumar CPSC mai kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka ta ƙiyasta cewa janareta mai ƙarfin kilowat 5 na fitar da wajen giram 1,500 na wannan guba a awa guda, shi ya sa take cewa janareta ɗaya na iya yin aikin ɗaruruwan motoci. Giram 1,500 na wannan iska ya haura lita 1,000. Yanzu a ɗauki ɗaki mai tsawon mita 8, faɗin mita 2.4, tsayin mita 2, wanda ba ƙarami ba ne a irin waɗannan ɗakuna. Iskar cikinsa lita 38,000 ce da ɗan ɗori, ba a ma cire wurin da gadaje da kabad suka cinye ba. Kashi 400 cikin miliyan na wannan lita 15 ne kacal. Ko jarka mai lita 20 bai cika ba. Ke nan ba a buƙatar hayaƙin duka ya shiga, ba a buƙatar ko rabinsa. Kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na abin da injin ya fitar a awa guda ya isa ya mayar da wurin kwana wurin halaka, shi kuwa janaretan dare kwana yake yi yana aiki.

Saboda wannan ne hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce a ajiye janareta aƙalla ƙafa 20 daga kowace ƙofa, taga ko kafar iska, wato wajen mita 6, bakin salansar kuma ya kalli wani waje. "A waje yake" ba amsa ba ce. Hayaƙin da ya fito ya bugi jikin mota ba ya watsewa nan take. Yakan bi bango, ya shige ƙarƙashin daɓe inda iska ba ta kaɗawa, ya taru a can. Da dare kuma iska kan kwanta, sai hayaƙin ya tsaya inda aka haife shi. A fili irin na taro abin ya fi muni, don motoci da tantuna a jere suke kusa da juna, kowa ya tare wa kowa iska. Har janaretan maƙwabcinka na iya cika maka ɗaki kai ba ka kunna komai ba.

Na san dalilan da ke sa mutum ya jawo janareta kusa, don irinsu muke da su a nan. Waya gajera ce. Ana tsoron ɓarawo. Ana gudun ruwan sama. Ba a so ƙararsa ta dami na gefe, sai a ɓoye shi a lungu tsakanin mota da mota. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba shi da magani mai arha: doguwar waya mai kauri da za ta ɗauki nauyin wutar, sarƙa da kwaɗo a jikin bishiya ko turke, 'yar rumfa mai buɗaɗɗen gefe huɗu.

Sai maganar marfin da bai rufu ba, kuma nan ne na fi so a tsaya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ɗakin tafi-da-gidanka kuwa tun daga masana'anta bangonsa a huje yake, da gangan. Akwai ƙofofin ma'ajiyar kaya da ake buɗewa daga waje. Akwai kafar da wayar wuta ke shiga, da ta bututun ruwa, da ta bututun gas. Akwai tagar da firji ke shan iska, da ta murhu, da ta banɗaki. Kowace an toshe gefenta da roba ko danƙo, amma wannan gida ne da ke gudu a kan titi, yana jijjiga, yana faɗawa rami, rana na dukansa. Roba takan bushe ta tsage, makulli ya saki, marfi ya karkace. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, a yawancin waɗannan ɗakuna ma'ajiyar da ake buɗewa daga waje ƙarƙashin gado take ko ƙarƙashin kujerar da ake shimfiɗawa a kwanta. Tsakaninta da mai barci falanki ne da katifa. Hayaƙin da ya shiga ta nan bai da wata tafiya mai nisa kafin ya kai ga hanci.

Kuma ba shiga kawai hayaƙi ke yi don ya ga kafa ba, wani lokaci ɗakin ne da kansa ke zuƙo shi. Idan aka kunna fankar rufi ko ta banɗaki mai fitar da iska, alhali tagogi a rufe, dole ɗakin ya nemi iskar da zai maye gurbin wadda aka fitar. Zai jawo ta ta duk inda ya samu, kuma kafofin ƙasa, na kusa da daɓe, su ne mafi kusa da inda hayaƙi ke taruwa. Ko ba fanka, iskar ɗaki mai ɗumi tana tashi sama ta fita ta rufi, ta ƙasa kuma ta shigo. Mutum zai ga ya kunna fanka don ya samu iska mai kyau, ashe famfo ya kunna yana jawo guba.

Duba wannan ba ya buƙatar injiniya. A sa takarda a bakin marfi a rufe a kanta, a ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta mutu. A yi haka a kowace kusurwa ta marfin, ba wuri ɗaya ba. Da dare a sa tocila mai haske a cikin ma'ajiyar a rufe, a shiga ɗaki a kashe fitilu a ɗaga katifa. Duk inda haske ya ɓullo, iska ma za ta ɓullo. Sannan akwai kuskuren da aka fi yi, wato a zaro wayar janareta ta cikin marfi ko taga a bar shi a ɗan buɗe saboda kaurin wayar. Wanda ya yi haka ya buɗe ƙofa a daidai gefen da injin yake, don waya ta gefen inji take bi.

Wani zai ce to ai da sun bar taga a buɗe. Ban yarda taga ce mafita ba. Gaskiya ne rufaffen ɗaki yana riƙe abin da ya shiga, shi ya sa gubar ke ta hawa. Amma tagar da ke gefen janareta hanya ce babba, ta ɗaya gefen kuma tana iya zama ita ce ke jan iska ta ratsa ɗakin daga ɓangaren hayaƙi, ya danganta da inda iskar dare ta juya. Wanda ya kwanta ƙarfe goma sha ɗaya bai san ta ina iska za ta kaɗa ƙarfe uku ba.

Abin da gubar ke yi a jiki shi ya bayyana dalilin da ya sa cikin manya biyar babu wanda ya iya tashi ya buɗe ƙofar da ba ta wuce taku kaɗan daga gadonsa ba. A cikin jini akwai sinadarin hemogilobin, wanda ke ɗaukar oksijin daga huhu ya raba wa jiki. Kabon monoksaid na manne masa da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200 zuwa 250, kuma in ya manne ba ya saki da wuri. Mutum yana numfashi yadda ya saba, ƙirjinsa na hawa da sauka, amma jinin ya daina kai saƙo. Ƙwaƙwalwa da zuciya ne ke fara jin jiki. Wanda ke farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, tunaninsa ya dagule. A kashi 400 cikin miliyan, ciwon kai kan zo cikin awa ɗaya zuwa biyu, bayan awa uku kuma rai na cikin haɗari. Mai barci ba ya jin ko ɗaya daga cikin waɗannan. An ce barci ƙanin mutuwa ne, a nan kuwa babu ko farkawa tsakanin ƙanin da wan. Ko mutum ya farka, yawanci gaɓoɓinsa sun riga sun mutu, hankalinsa ya gushe, ya ɗauka gajiya ce ya koma ya kwanta.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 masanin nan ɗan Sikotilan, John Scott Haldane, ya gane cewa jikin ɗan Adam ba zai iya yi wa kansa gadi a kan wannan iska ba. Shi ya ba da shawarar masu haƙar kwal su riƙa shiga rami da ƙananan dabbobi, waɗanda gubar ke kayarwa kafin ta kayar da mutum. Daga nan aka samo al'adar shiga da kanari a keji, wadda ba a daina ta a Birtaniya ba sai 1986. Na'urar gargaɗi ita ce kanarin wannan zamani.

A Amurka akwai ƙa'idar da ake gwada waɗannan na'urori a kanta, mai lamba UL 2034. Ta tanadi cewa a kashi 70 cikin miliyan na'ura ta yi ƙara tsakanin minti 60 zuwa 240, a kashi 150 tsakanin minti 10 zuwa 50, a kashi 400 kuwa tsakanin minti 4 zuwa 15. A ɗora wannan a kan 438 da aka auna a Clarksville. Minti goma sha biyar ne iyakarta, kuma tun kafin a kai nan, lokacin da gubar ke hawa a hankali, da tuni ta tashe su da sauran ƙarfin da za su miƙe. Duk sanda na zo wannan wurin a lissafin sai zuciyata ta yi nauyi, don kuɗin batirin bai kai na man da janaretan ya sha a daren ba.

Na'urar nan tana da halayenta da ya kamata mai ita ya sani. Idan batirinta ya yi sanyi takan riƙa yin ɗan tsuwa lokaci-lokaci, kuma wannan tsuwar ce ke sa mutane su zare batir da niyyar sayen sabo gobe. Abin da ke jin gubar a cikinta yana tsufa, yawanci shekara 5 zuwa 7, wasu har 10, don haka tana iya nuna koriyar wuta alhali hancinta ya mutu. Ana buga ranar ƙera ta a bayanta. Maɓallin gwaji yana tabbatar da cewa wuta da ƙara na aiki, bai hana a duba wannan ranar ba. Sannan ba ɗaya take da na'urar jin hayaƙin gobara ba, ba kuma ɗaya take da ta jin yoyon gas ɗin girki ba, wadda ake kafawa ƙasa-ƙasa saboda shi gas ɗin ya fi iska nauyi. Kabon monoksaid nauyinsa kusan ɗaya da na iska, gauraya yake yi da ita ko'ina, don haka abin lura shi ne na'urar ta kasance kusa da wurin kwana, ba a cikin kabad ko bayan labule ba. Wanda zai kwana a ɗakin haya, ni dai shawarata ya tafi da tasa mai batir a jaka, ta zama ta biyu.

Janaretan da aka gina a jikin mota bai tsira daga wannan ba. A watan Oktoba na 2013, a sansanin 'yan kallo na filin tseren Talladega da ke jihar Alabama, wani mutum ya rasu a cikin motarsa ta tafi-da-gidanka, aka kai matarsa asibiti a mawuyacin hali. Hukuma ta danganta abin da karyewar bututun salansar janareta. Bututun nan a ƙasan mota yake, yana cin tsatsa, yana bugun dutse da tudu. In ya tsage ko ya goce, hayaƙin da ya kamata ya fita gefe sai ya zuba kai tsaye ƙarƙashin daɓen da ake kwance a kai. Shi ya sa kafin a tayar da shi ake durƙusawa a leƙa: bakin bututun ya wuce gefen mota, maratayansa na nan daram, babu baƙin kunkunniya a mahaɗa, ƙarar injin ba ta canja ba. Kada bakin ya kasance ƙarƙashin taga, ko rumfar da ake bazawa a gefe, ko ɓangaren ɗakin da ake turowa waje. Kada kuma a faka shi yana fuskantar bango, doguwar ciyawa ko wata mota. Akwai masu ƙara dogon bututun da aka ƙera don wannan aikin, mai kai hayaƙi sama da rufi. Yana taimakawa, amma wanda aka harhaɗa da hannu a wurin mai walda na iya danne numfashin inji ko ya yi zafin da zai ƙona jikin mota.

A kan hanya ma akwai tasa matsalar. Mota mai faffaɗan baya in tana gudu takan bar wani gurbi a bayanta inda iska ke juyawa, hayaƙin salansa ya riƙa bin motar maimakon ya tsaya a baya. In tagar baya ko ƙofar baya a buɗe take, ko robarta ta lalace, ciki yake dawowa. Haka nan motocin da injinsu ke ƙarƙashin kujera ko tsakanin kujerun gaba, murfin injin da robarsa su ne kawai shamaki. Duk wanda ya taɓa zama a gaban tsohuwar Hiace ya ji zafi da wari na tasowa daga ƙarƙashinsa ya san abin da nake nufi.

Bayan abin da ya faru, iyalai da abokan mamatan suka matsa wa majalisar jihar. A 2012 Tennessee ta yi doka, Gwamna Bill Haslam ya sa mata hannu, cewa duk ɗakin tafi-da-gidanka da za a bayar haya dole ya kasance da na'urar gargaɗi mai aiki. Daga baya jihar ta ware 18 ga Satumba a matsayin ranar wayar da kai a kan wannan guba. Doka ce mai kyau, don ta ɗora nauyi a kan wanda ya san kayan, maimakon baƙon da ya karɓi makulli yau zai mayar jibi. Sai dai shingen ƙarshe ta gyara. Na'ura ba ta hana hayaƙi shiga, sanarwa take yi bayan ya shiga. Inda za a ajiye inji da lafiyar marfi suna nan a hannun wanda ke wurin a daren. Daga 2018 an fara samun janaretoci masu kashe kansu idan guba ta taru, to amma abin da ke jin gubar a jikin injin yake. Iskar da ke kewaye da shi yake aunawa, bai san abin da ke taruwa ƙarƙashin gadon da ke bayan bango ba. Har yanzu CDC na ƙirga sama da mutum 400 da wannan guba ke kashewa a Amurka duk shekara bisa kuskure, ban da na gobara.

Ɗakin tafi-da-gidanka ba abin da muka saba da shi ba ne a Kano ko Maraɗi, amma abin da ya haɗu a daren nan babu wanda baƙo ne a wurinmu. Janareta a baranda, ko a lungu ƙarƙashin tagar ɗakin yara, ko a cikin shago an ja ƙofa saboda ɓarayi. Direban da ya kwanta a mota ya bar inji na aiki don sanyi, motar kuma tuni an cire mata indomi an sayar. Motar asibiti ko ta gwajin jini da ke yawo ƙauyuka da janaretanta a gindinta. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, wanda shi ma wannan gubar yake fitarwa ba tare da ko ƙarar inji ba. Mu kuma muna da wani tarko na daban: ciwon kai, kasala da amai, kowa zazzaɓin cizon sauro zai ce. Abin da ke rarrabewa shi ne gubar ba ta zuwa da zafin jiki, tana kama mutanen ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya, kuma mutum kan ji sauƙi in ya fita waje. Yara, masu juna biyu, tsofaffi, masu ciwon zuciya da masu ƙarancin jini irin masu sikila su ne take fara kayarwa.

In na'ura ta yi ƙara, ko aka ga waɗannan alamu, fita ake yi tukuna, kowa da kowa, a bar ƙofa a buɗe, sannan a kashe inji daga waje. Ba a tsayawa neman inda hayaƙin ya shigo. Mai shiga ceto ya tuna da mutanen Clarksville da suka ƙare a asibiti don ɗan lokacin da suka yi a ciki: a buɗe ko'ina, a jawo mutum waje da sauri, kada a tsaya jijjiga shi a kan gado. Madara da manja ba sa cire wannan guba, ɗura su ga wanda ba ya cikin hayyacinsa ma shaƙe shi zai yi. Maganinta oksijin ne. A iskar waje jiki na ɗaukar awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabin abin da ya shiga jini, da oksijin zalla ta abin rufe hanci kuwa lokacin kan sauko zuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. A gaya wa likita a fili cewa hayaƙin janareta ne ko gawayi, domin 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ba ta bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da guba, tana iya nuna 98 ga mutumin da ke cikin haɗari. Ko an sallame shi, a sa masa ido na wasu makonni, don mantuwa, ruɗewa ko canjin hali na iya biyowa baya, kuma in an ga haka asibiti za a koma.